Tsumman da Ijja Ta Naɗe Darduma da Shi

Shekara arba'in da shida Ijja ta yi tana saƙar darduma a ƙauyensu da ke bayan garin Tazenakht, amma ba ta taɓa sayar da ko ɗaya da hannunta ba. Saƙa tata ce, kasuwa ta mijinta Hammu. Ya ɗora wa jaki, ya dawo da sukari da ganyen shayi da abin da ya ce an ba shi. Ba ta taɓa tambaya ba. Bayan rasuwarsa yanar ido ta rufe mata idon hagu, ta fara taɓa na dama. Likita ya ce sai an yi aiki, ya yanka kuɗi.

Wata bakwai ta yi a gaban masaƙa, tana laluben ƙulli da yatsa. Jan daga saiwa ta rina shi, rawayan daga ɓawon rumman. Ranar kasuwa ta naɗe sabuwar dardumar cikin wata tsohuwa da 'yan raguna ke kwana a kai, don kada dattin mota ya taɓa ta.

Shagon Si Buazza ta nufa, dillalin da Hammu ya saba kai wa kaya. Ya kawo shayi, ya yi ta'aziyya, ya tambayi ruwan bana. Ta kwance ta shimfiɗa. Ko sunkuyawa bai yi ba.

"Lalla Ijja, wannan ja haka? Ai sai ya tsone wa Bature ido."

"Idon Bature ya dame ka. Nawa idon ne ke ciwo. Taya."

Ya taya. Ko rubu'in kuɗin likita bai kai ba. Ta ce albarka, ya ƙara kaɗan, ta ce albarka. Ya rantse da kan 'ya'yansa, ta ce ya bar yara su huta. Ta miƙe da ƙyar, ta jawo tsumman za ta naɗe kayanta.

"Tsaya. Wannan fa?"

"Wanne? Shimfiɗar raguna?"

Sai ga Si Buazza a durƙushe, da tumbinsa da komai, yana shafa inda ya koɗe, yana zura yatsa a huji, har da shinshinawa.

"Wa ya saƙa?"

"Ni, ina amarya. Ban ma iya ba a lokacin, dubi yadda gefen ya karkace."

"Karkacewar ake nema! Kada ki wanke, kada ki ɗinke."

Ya taya tsumman ninki biyu na sabuwar. Ta dube shi da idon da ya rage, ta ga ba wasa yake ba. Wato duk hannun da ta yi shekaru tana gyarawa, ba shi ake saye ba. Ba ta ji haushi sosai ba, bayanta ne dai ya ƙara nauyi.

"To, ba a raba su," in ji ta. "Ko ka ɗauki biyun a kuɗin likita, ko raguna su ci gaba da kwana a kan dukiyarka."

"Haba Lalla, Hammu bai taɓa yi mini haka ba."

"Na ga alama."

Ya kai ƙofa ya dawo, ya ce ta kashe shi, sannan ya miƙo hannu. Ta ce Allah ya ba da riba, ciniki ya faɗa.

"Sabuwar me za ka yi da ita?"

"Saman soro. Rana ta dake ta bazara biyu, ta tsufa."

Ta cusa kuɗin a ƙirji, ta tambaye shi inda motar asibiti ke tsayawa.