Dutsen Taimamar Kaka

Ranar Alhamis ce, ranar Arfa, kashegarin ruwan nan da ya ci Jidda, wanda har yau tsofaffinmu in za su faɗi shekarun yaro sai su ce kafin ambaliya aka haife shi ko bayanta. Ina da kamar shekara tara. Gidanmu a unguwar Sa'alaba ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ruwa ya shiga ya fita, ya bar mana taɓo har idon sawu. Kaskon wainar Umma, wanda take soya wa leburorin unguwar masana'antu abin karyawa, a ƙofar maƙwabta aka tsinto shi. Tsakuwoyina na carafke kuwa da na tara a gwangwanin madara, ban sake ganinsu ba. Kowa na azumi, kowa na kwasar laka, ni aka ba ni aiki guda: in wanke dutsen Kaka kafin azahar.

Kaka mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana. Aikin hajji ya kawo ta daga Katsina tun kafin a haife ni, ta zauna. Da tsufa ya zo ƙafafunta suka riƙe, fatarta kuma in ruwa ya taɓa sai ta tsage, shi ya sa ta koma taimama. Baba direban babbar mota ne, yana kai kaya kudu, kuma a wata tafiya wajen Najran ya ɗauki wani faffaɗan dutse a gefen hanya ya tare taya da shi, da ya ga kyansa sai ya kawo wa uwarsa. Ƙasansa busasshiyar laka ce ta manne, Umma ta ɗinke wajen da tsumma don kada ya yaga tabarma. Samansa kuwa tafin hannun Kaka ya goge shi sumul. Ni ke ɗauko mata shi sau biyar a rana, ina nishi, tana ce mini raguwa.

Ran nan tsumman ya jiƙe ya ruɓe, sai na yage shi, na sa soson ƙarfe ina dirzar lakar. Tana fita wasu layuka suna bayyana. Na zaci zanen 'yar gala-gala ne wani yaro ya yi, har ina dariya. A lokacin Almaz tana taya Umma matse barguna. Bahabashiya ce maƙwabciyarmu, mai aikatau a gidan Larabawa, kowa ya san Kirista ce, ba mai tayar da zancen. Ta waiwayo ta ga abin da ke hannuna, sai bargon ya suɓuce mata. Ta durƙusa cikin taɓon nan da abayarta, ta taɓa goshinta da ƙirjinta da kafaɗunta, ta sumbaci dutsen da Kakata ke taimama a kai. Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Almaz, lafiyarki?" Ita kuwa kalma ɗaya take maimaitawa tana hawaye: "Salib, salib." Gicciye ne, an sassaƙa shi da kyau, da wani rubutu a gefensa mai kama da sawun kaji.

Idanun Kaka sun yi rauni, don haka ta ce a miƙo mata. Ta bi zanen da yatsa, sama da ƙasa, dama da hagu, sai ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Takwara, to sallolina fa?" Aka kira azahar, aka idar, tana zaune hannuwanta a cinya. Matar da ko ranar da aka kai ta asibiti sai da ta sa aka tafi da dutsenta, yau ga lokaci yana wucewa tana kallon bango. Tsoro ya kama ni, na shiga bayan randa na yi ta kuka, don a ganina ni na dirje mata sallolin da soson ƙarfe.

Baba ya fita ba takalmi ya taho da Malam Usmanu, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke jan salla a masallacin lungunmu. Malam ya juya dutsen, ya kai shi hasken rana, ya ce rubutun dai ba zai iya karantawa ba, ba Larabcin da ya sani ba ne. Amma zanen ya san shi. Ya ce a ƙasarsu, a bakin kogi, akwai kangayen da ake tonowa cikin yashi da irin wannan alama a bango. Ya ce wannan ma ba baƙo ya yar da shi ba, aikin mutanen wurin ne, mabiya Annabi Isa, da suka zauna a kudancin ƙasar nan tun kafin a haifi Manzon Allah.

Wannan magana ta fi gicciyen girgiza ni. A ɗan karatun da na yi a makarantar allo, da abin da kunnena ya tsinta a bakin mata wajen layin tankar ruwa, na ɗauka Kirista mutum ne da jirgi ke kawowa da iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi aikinsa ya koma. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙasar Makka da Madina ta taɓa haifar nata ba, har suka yi zamani, suka sassaƙa duwatsu, suka mutu aka binne su a cikinta. Na dubi Almaz da ke raɓe a bakin ƙofa, sai na ga kamar ta riga mu zuwa.

Kaka ba tarihi ya dame ta ba. Ta sake tambayar sallolinta. Malam ya ce, "Hajiya, dutse dutse ne, tsarkakakke ne. Wa kika fuskanta in ba Allah ba? Shi ke nan, ba ki da ramuwa ko ta raka'a ɗaya." Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta buga tafinta a bangon ɗaki ta yi taimama, ta yi azahar ɗinta a makare.

Da yamma Baba ya ɗauko guduma zai farfasa zanen, don gida mai tsohuwa ba takarda ba ya son abin magana. Kaka ta ɗora hannunta a kai ta ce, "Bari. Mai shi bai san ni ba, ban san shi ba, amma shekara da shekaru yana riƙe mini hannu. Ba za ka fasa wa mamaci shaidarsa ba." Ba ta ƙara taimama da shi ba, Umma ta zuba mata yashi a faranti. Dutsen aka tura ƙarƙashin gado, kuma duk ranar da Almaz ta shigo gaisuwa sai Kaka ta aike ni waje, ban taɓa tambayar dalili ba.

Yanzu ina jin ana faɗa a waya cewa masu bincike suna samun irin waɗannan duwatsu a kudu, ana killace su, har baƙi na zuwa kallo. Namu ba wanda ya killace shi. Kaka ta rasu, Almaz ta koma ƙasarsu, da aka zo rushe unguwa kuma muka kwashi abin da mota za ta ɗauka, ni da kaina na dube shi na ce ya yi nauyi, muka bar shi. Na wuce ta wajen bara, fili ne fetal, ko lungunmu ban gane ba. Wanda ya sassaƙa shi da wadda ta shafe shi, ƙasa ɗaya ce ta rufe su.