Nkanyiso, Ba Ka Gama Koya Min Shiga Teku Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, jikata Nomfundo ta shigo ta ce min ka mutu, Nkanyiso Gumede. Na ce wane Nkanyison? Wai kana gudunka na safe ka faɗi, zuciya ta tsaya. Shekararka talatin da huɗu. Ba ka shan sukari, ba ka cin kitse, ba giya ba taba. Ni shekarata saba'in da ɗaya, har gobe kan rago nake ci. Sau uku aka yi min bayani, ban gane ba.

A Umlazi, kusa da Durban, aka haife ni, iskar teku na shigo mana har ɗaki, amma ban taɓa shiga ruwan ba. Muna 'yan mata, bakin ruwa mai kyau na Turawa ne. Da aka buɗe wa kowa, mijina ya ce matarsa ba za ta tuɓe a gaban mutanen Durban ba. Ya mutu, na yi shekara cikin baƙaƙen kayan takaba, ina zaune ina ƙiba. Da na cire, Nomfundo ta sayo min rigar wanka mai ruwan ɗorawa, ta kawo ka, wai kai mai horar da jiki ne. Ashe wannan ma sana'a ce.

Na ɗauka tumbina za ka rage, kamar yadda kake yi wa 'yan matan da ke shirin hutun Disamba a bakin teku. Ka ce, "Kaka, teku ba ruwansa da tumbinki. Kayar da ke zai yi. Tashi za mu koya." Wata uku abu ɗaya: zauna a ƙasa, tashi. Ɗauki jarkar ruwa, ajiye. Na zage ka ba iyaka. Na ce, "Kai ɗan nan, uwarka ta san kana wahalar da tsofaffi?" Ka ce, "Ita ma guduna take yi." Ranar da gwiwata ta kumbura ba ka sa ni komai ba, ƙofar kicin ka gyara min ka tafi.

Mun tsayar da ranar sabuwar shekara zan shiga teku. Ka ce kai za ka riƙe min hannu, kuma akwai yadda ake tarar igiyar ruwa, sai Disamba za ka nuna min. Gefe ake ba ta ne, ko baya? Ba ka faɗa ba. Na tambayi Nomfundo, ashe ita hoto kawai take zuwa ɗauka.

Jiya na je gidanku. Na zauna a ƙasa kusa da katifar da mahaifiyarka MaDlamini take zaman makoki a kai. Ban san ko ya dace in sa rigar wankan nan ranar sabuwar shekara kana kwana arba'in da 'yan kai a ƙasa ba, sai na tambaye ta kai tsaye. Ta ce, "Yaya, ke ce mai zaginsa? Wallahi in ba ki shiga ruwan nan ba, ba ni ba ke." Da zan tashi, matan coci biyu suka miƙo min hannu. Kafin su kai gare ni na miƙe.

To zan je. Ko gefe ne ko baya, idan igiyar ta kayar da ni zan sani.

Allah ya jiƙanka, Nkanyiso, ya yafe maka, ya yafe min zagin. MaDlamini, Allah ya ba ki haƙuri, ke da duk gidan Gumede.