Wankakken Allon Malam Ila

Malam Ila ya zo Kaduna daga wani ƙauye a ƙasar Katsina yana saurayi. Ya fara da kwana a shagon wani ɗan garinsu a Kawo, daga baya ya samu zaure a Hayin Banki ya kafa makarantar allo. A nan ya yi aure, a nan gemunsa ya yi fari. 'Ya'yan direbobi da na leburori da na masu tura baro duk sun zauna a tabarmarsa.

Ba a san shi da bulala ba. Yana dai da wata al'ada: idan yaro ya haddace allonsa ya wanke, ba ya barinsa ya yi sabon rubutu nan take. Sai ya miƙa masa allon fari fes, ya ce, "Karanta." Yaro ya ce ai babu komai a jiki. Malam ya ce, "Duba dai da kyau." Da yawa sun girma suna ba da labarin yadda baƙaƙen suka riƙa fitowa a idonsu, har da inda tawada ta ɗiga.

Autansa Nazifi ya yi sauka, amma bai zauna a zaure ba. Dogayen ƙafafu gare shi, kuma tun yana sakandare aka gano shi a wasan tsalle, irin wanda ake gitta sanda a sama, a shimfiɗa katifa a bayanta. Malam bai hana ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba.

Wata damina katifar ta jiƙe ta zame, Nazifi ya faɗo a gefenta, ya karye a hannu. Hannu ya warke. Sai dai tun daga nan, zai taho da gudu, yana isowa gaban sanda sai ya ci birki. Koci, mai horar da su, ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga ƙarshe ya ce ranar da za a zaɓi masu wakiltar jiha, idan ya sake tsayawa, wani za a ba gurbinsa.

Malam ya lura tuwo na dawowa daga ɗakin Nazifi ba a ci ba. Wata rana bayan la'asar, da yara suka watse, ya kira shi.

"Auta, an ce ka zama jakin Kawo. Ka ga kwalbati ka tsaya."

"Baba, ba da gangan ba ne."

"In ka rufe ido, me kake gani?"

"Faɗuwar nake gani. Har ƙarar ƙashin nake ji."

"To ai hadda ka yi," in ji Malam. "Haddar kuskure. Allah ya tsare ni da haɗa karatu da wasa, amma kan mutum dai ɗaya ne. Da ka rikice a hadda kana yaro, daga ina muke kamawa?"

"Daga inda nake daidai."

"Rufe ido. Ina kake tsaye?"

"A inda nake fara gudu."

"Me ke ƙarƙashin ƙafarka?"

"Wani farin layi da na ja da alli."

"Taka. Kada ka yi sauri, ba mota za ka tara ba."

Ran nan ko rabin hanya ba su kai ba, Malam ya ce a tashi, gobe ma rana ce. Haka suka riƙa yi kullum, uba da ɗa a kan tabarma. Duk sanda numfashin Nazifi ya sauya, Malam ya san faɗuwar ta leƙo, sai ya ce, "Koma baya." Su sake daga farin layi. Sannu a hankali suka iso gaban sanda. Wani yammaci Nazifi ya buɗe ido yana murmushi, ya ce ya ji jikinsa ya sauka a katifa, har da warin robarta.

Ranar zaɓe Malam bai je fili ba. Ya zauna da yaransa kamar kullum, sai dai an ga yana yawan duban ƙofa, kuma wani yaro ya tsallake aya bai ji ba.

Gab da magariba Nazifi ya yi sallama, takalmansa rataye a wuya.

"Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba, Baba. Na uku na zo. Sun ɗauke ni."

Malam ya sunkuyar da kai, ya jima yana hamdala a hankali. Sannan ya ɗago ya ce, "Wai sandar nan, tsayinta ya kai ina?"

Nazifi ya miƙa hannu ya taɓa saman ƙofar zauren.

"Nan? Ka tsallake nan?"

"Da baya ma, Baba. Kan mutum ne ke fara wucewa."

"Da baya!" Malam ya kama haɓa. "Gara da ba ka faɗa mini ba tun farko. Shiga ka gaya wa uwarka, tun safe take kan sallaya."