Gaiwar da Ta Tafi Turai Tana Barci

Mun tashi daga Bagudo ana idar da sallar asuba, ni da Baturen da nake yi wa tafinta, da 'yan alaro biyu masu ɗaukar mana kaya. Bazara ce, ƙasa duk ta tsattsage. A mashigin kogin Kwara mai jirgi ya ƙi karɓar kuɗin Nasara, ya ce ƙarfe ba ya sayen gero a garinsu, sai da muka biya shi da gishiri.

Baturen nan ba haraji ya kawo shi ba. A ƙasarsu ana shirin taron tunawa da wani malami da ya rasu, wanda ya ce halittu suna sauyawa sannu a hankali, har na ruwa suka hau tudu. Shi kuwa yana son ya kai wa taron gaiwa, kifin nan mai shaƙar iska, wanda ke binne kansa a laka ya yi barci har damina. Na fassara maganarsa kamar yadda ya faɗa, amma ban sa ta a zuciyata ba.

Muka yi yamma har inda aka kafa sabbin duwatsun iyaka da ƙasar da Faransa ke mulka. Can muka sauka wurin wani tsohon masunci, ya ba mu tuwon shinkafa da busasshen kifi. Washegari da hantsi ya kai mu wata fadama da ta ƙafe, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, sannan ya haƙo dunƙulen laka kamar tulu. Gaiwar tana ciki.

Bature ya fito da kwalbar maganin da yake jiƙa matattun dabbobi a ciki. Tsohon ya gane, sai ya zauna ya rungume lakar.

"Gidanmu ba a kashe mai kwana," in ji shi. "Wanda yah haƙo ta, shi ka tashe ta da ruwan wurin da ta kwanta. In ba haka ba, alhaki na wuyanai."

Ɗan alaro ɗaya ya yi dariya, ya ce kifi ne fa. Tsohon bai ko dube shi ba. Na ji tsoro, domin na sha ganin abin da ke samun talakan da ya ce wa Nasara a'a.

Bature ya dube shi. Daga nan ya mayar da kwalbar cikin akwati, ya ce zai tafi da ita tana barci, ba zai fasa lakar ba. Tsohon ya ce to wa zai tashe ta? Ya tona rami a tsakiyar fadamar har ruwa ya tsattsafo, ya cika gora, ya liƙe bakinta da kaki, ya miƙa wa Baturen da hannu biyu. Da bakina aka ƙulla alkawarin cewa Baturen zai tashe ta da ruwan nan.

A hanyar dawowa Baturen bai yarda 'yan alaro su taɓa gorar ba. Shi ya rataye ta, rana na dukansa, ƙishirwa na cinsa, bai buɗe ba. Daga Bagudo ya bi ruwa ya yi kudu.

Maganar malaminsu na bar wa Allah, Shi ya san asalin kowa. Abin da na koya shi ne tafinta ma yana ɗaukar amana, ba magana kaɗai ba. Jiya ruwan farko ya sauka, yara suna ta murna, ni kuwa na tsaya a zaure zuciyata ba daɗi. Duk gaiwar fadamar nan ta farka, sai guda ɗaya.