Ranar da Kawu Ilu Ya Yi Tseren Fanke

Duk wanda ya zauna a nan garin Greensboro a shekarun nan ya san laimar Kawu Ilu. Baƙa ce mai lanƙwasasshen mariƙi, ko rana na tsaga ƙasa ba ya fita sai da ita. In ka gaishe shi, kafin ya tambayi iyali sai ya dubi sama ya ce, "Kamar za a yi yayyafi." Wai haka mutanen Ingila ke gaisawa. A can ya yi karatun noma yana saurayi, kafin ya zo nan ƙaro ilimi ya zauna. Ni 'yar ƙanwarsa ce, gidansa na sauka da na zo jami'a a farkon shekarun tamanin, saboda haka na sha labarin Ingila har na fara mafarkin hazonta.

Abu ɗaya ke ci masa rai: ba a yarda da labaransa. Shugaban masu musu kuwa Alhaji Garba ne, mai sayar da tsofaffin motoci. Shi Bakano, Kawu Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. "Anya Malam Ilu ya taɓa wuce Kaduna kafin ya zo nan?" in ji shi.

Kawu bai fasa halinsa ba. Ranar wani suna aka kawo shinkafa, kowa ya yi caa a kan tukunya, shi kuwa ya koma gefe da farantinsa ya ƙame.

"Kawu, me kake jira?"

"Layi nake bi."

"Layin wa? Kai kaɗai ne fa!"

"To, ni ne na farko ke nan."

Ƙanzo ya samu, amma har ya bar duniya bai yarda an riga shi ba.

Wata rana kuma muka shiga gidan abinci ya ce a kawo shayi. Aka dire masa dogon kofi cike da ƙanƙara, irin na mutanen nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da mai kawo abincin cikin ladabi, "Baiwar Allah, yaushe shayin nan ya rasu?" Bai sha ba, bai kuma yarda a zubar ba. Gida ya zo da shi, ya tafasa, ya zuba madara, ya ce ya ceto rai.

Labarin da ya jawo rigima a falonsa ya ba da shi, cikin sanyin hunturu. Ya ce akwai wata Talata gab da azumin Kirista, mutanen Ingila kan ƙarar da ƙwai da man shanun gida don kada su lalace, su soya fanke. Sai mata su fito titi da kaskon suya, suna gudu suna cilla fanken sama suna cafewa. "Ai sunan fankenmu ma daga nasu aka samo shi."

Alhaji Garba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Matan Turawa? Gudu da kasko? Malam Ilu, ka ji tsoron Allah! Wallahi in gaskiya ne, ni ma sai na yi gudun."

Kowa ya dara, har Sani, ɗan Kawu na cikinsa, wanda ya ce da Turanci wai Baba ya daina haka. Na ga fuskar Kawu a lokacin. Daga ranar ya yi shiru da zancen Ingila, gidan ya zama kamar agogon bango da ya tsaya.

Ana nan muka je Pleasant Garden, gonar da mazanmu kan sayi akuya. Kawu ya dubi sama ya yi gaisuwarsa, sai matar manomin, wata tsohuwa mai suna Madam Doris, ta amsa masa, "Ai kuwa, jiya ma ta fi yau daɗi." Kawu ya daskare. Ashe 'yar Ingila ce, manomin ya auro ta yana soja bayan yaƙin duniya! Ya jawo Alhaji Garba ta hannun riga, ya tambaye ta zancen kasko.

Ta dafa ƙirji. "Ni da na taɓa zuwa ta biyu a ƙauyenmu!" Ta ce rabonta da tseren tun barinta gida, Talatar kuma ta kusa, mu zo da fankenmu.

Kawu ya ce wa matarsa, Anti Hajara, ta soya fanke. Ita kuwa ta soya wanda ta sani, namu, dunƙulalle kamar ƙwallo. Na Madam Doris faffaɗa ne, sirit kamar takarda. Ta ɗauki namu tana juyawa.

"Mene ne wannan?"

"Jikan naku ne," in ji Kawu. "Najeriya ya je, ƙasar ta karɓe shi."

Sai ta faɗi dokar: tseren na mata ne, namijin da zai shiga sai ya ɗaura ɗankwali. Alhaji Garba ya fara tari, ya ce gwiwarsa na ciwo.

"Alhaji, ka rantse fa," in ji Kawu, yana ɗaura ɗankwalin Anti a kan hularsa.

Wayyo, da kun gani! Dattawa biyu da tsohuwa ɗaya a kan busasshiyar ciyawa, numfashinsu na tashi fari kamar turare. Manomin ya buga ƙararrawar shanu. Alhaji ya cilla nasa, fanken ya bi iska ya faɗi ya gangara, kaji suka rufa masa baya, shi ma ya bi su yana "Kai! Kai!" Madam Doris dariya ta zaunar da ita a tsakiyar hanya. Kawu kuwa, babbar riga na kaɗawa, ya cilla fankensa har sai da na ga ya tsaya a sama kamar ƙaramin wata, ya faɗo tsakiyar kasko, tim! Bai tsaya ba sai a bakin shinge. Sani ne ya fi kowa ihu.

Alhaji ya iso yana haki. "Malam Ilu, ka je Ingila."

"Ban ji ba, ɗankwali ya toshe min kunne."

"Na ce KA JE INGILA!"

A mota muna komawa, Sani ya matso ya ce da Hausarsa mai tsami, "Baba, sai me kuma suke yi?" Kawu ya gyara murya, bai rufe baki ba har ƙofar gida, ba kuma wanda ya katse shi.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yalwata masa kabari, ya yafe masa kurakuransa. Ranar da za a miƙa wa kowa sakamakonsa, Allah ya sa ya cafe nasa da hannun dama, cikin sauƙi, yana murmushi irin na ranar nan. Amin.