Kamun da Umara ya yi ta tagar masallaci

Umara Sarkin Surutu ya shekara talatin yana su a kogin Haɗeja kafin ciwon suga ya hau da shi tudu. Ya koma gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida, bakin nan kuwa bai yi ritaya ba. Kifin da ya taɓa kamawa kullum ƙara tsawo yake.

Allurar insulin yake yi safe da yamma, ita kuwa ba ta shiri da zafi. Gidansa ba firji, wuta ma sai ta ga dama. Sai ya yi dabara: ya sa kwalbar a gwangwani mai mariƙin waya, ya tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar masallacin unguwa. Duk unguwar ba inda ya kai nan sanyi.

Ana nan korona ta zo. Rana ɗaya aka garƙame masallacin, ladan Bala ya tafi Kaugama da makulli a aljihu, aka rufe hanya a bayansa.

Umara ya garzaya ƙaramin asibiti. Huseina, ma'aikaciyar da ke duba masu suga, ta yi masa magana ta bayan takunkumi.

"Baba, ko kwalba ɗaya babu. Motar magani ba ta zo ba, kowa ta korona yake yi."

Kwana biyu ba allura. Ƙishirwa ta hana shi sakat, ido ya fara hazo, surutun ma ya ɗauke. Wannan shirun ne ya tsorata matarsa Mairam. Liman kuma ya ce shi ba zai fasa kwaɗon ɗakin Allah ba.

Rana ta uku da hantsi Umara ya ce, "Mairam, miƙo min gorar nan da ƙugiya."

"Malam, kogi za ka a haka?"

"Masallaci za ni."

Ya hau turmi, ya zura gorar ta tsakanin ƙarafan taga. Kafin ka ce me, unguwa ta cika, an manta da wata tazara. Wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, alhali ba mai ganin komai sai ƙeyar Umara. Kamun farko buta ya fito da ita. Na biyu hular wani da ta ɓata tun bara, mai ita kuwa yana wurin! Dariya har da masu zama a ƙasa. Gumi na zubo wa Umara, shi kaɗai ne ba ya dariya.

A na biyar ƙugiya ta kama waya. Ya jawo a hankali, yana lallashin gwangwanin kamar mai jin magana. Mata suka rangaɗa guɗa, liman da kansa ya yi kabbara.

Bai tsaya ba sai gaban Huseina, rabin unguwa na biye. Ta ɗaga kwalbar a haske, ta juya ta.

"Ba ta lalace ba, Baba. Amma kwana tara kawai za ta kai ka."

"Tara?" Umara ya kwashe da dariya har hawaye. "'Yata, jiya ko ɗaya ba ni da shi!"

Ya yaye riga a gaban kowa, ya ce ta yi masa ta farko.