Ranar da Motar Hatsi Ta Wuce Gidanmu

Duk lokacin da ruwan farko ya taɓa jan bulo, ƙamshin nan yakan mai da ni gida. Kakana ne ya gina gidanmu da kuɗin gyaɗa, lokacin da kaf ƙauyenmu ginin ƙasa ne. Daga birni ya ɗauko magina. Har a motar Ɗambatta da shi ake kwatance: "Direba, a gidan bulo zan sauka."

Sai aka yi fari, damina biyu a jere. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Ka san halin mutane, a ganinsu mai irin wannan gini ba ya rasa hatsi. Maƙwabta suka yi ta sallama a zaurenmu, Kaka kuwa bakinsa bai iya cewa babu ba. Ya yi ta aunawa, har da irin shuka, sai da rumbu ya koma ƙaiƙayi. Mu a ciki tafasa da dusa muke ci.

Ranar da motar hatsin agaji ta zo ina ƙofar gida. Mai rabon ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya yi dariya.

"Ku wuce nan. Ai su ya kamata su ba mu!"

Mahaifina ya durƙusa gaban Kaka. "Baba, bari in bi su in faɗa musu gaskiya."

Kaka ya ce, "Su shigo su leƙa tukunyar matarka? Zauna."

Ya zauna. Mai unguwa ya san halin da muke ciki, amma ganin Kaka bai tanka wa masu rabon ba, shi ma ya bar motar ta wuce.

A satin nan aka kai ƙanwata riƙo wurin gwaggonmu a Makoda, tana shekara huɗu, don a rage baki ɗaya. Aka ce da an yi girbi za a dawo da ita. Can ta girma, can ta yi aure.

Yau hatsi ne sana'ata. Daga yadda mutum ya ɗebi gero a tafin hannu nake gane ko ya karya kumallo, ba na duba rigarsa. Gidan kuwa hukuma ta ce abin tarihi ne, ko bulo ɗaya ba a taɓawa. Baƙi suna ɗaukar hoto suna cewa mutanen gidan nan sun sha daɗi. Ba na musu da su.

Bara na ɗauko ƙanwata da jikokinta don su gani. Ta tsaya a bakin zaure, ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, tana jiran a ce ta shigo.

Ta ce, "Yaya, gidanku ya yi kyau."